Wata Ma'aikaciyar Asibiti

Da aka janye kantar littattafai ta ƙarshe daga jikin bango, sai ga fentin ɗakin na asali ya bayyana, shuɗi shar, kamar jiya aka shafa shi. Sista ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ta ma manta ɗakin ya taɓa zama shuɗi. Tun farkon aurensu Malam ya fara jera kantocin nan, yau ɗaya gobe ɗaya, har suka cinye bangon kaf, suka toshe rabin taga.

Mutumin da ya zo kwashe littattafan siriri ne mai ɗan doro, Dogo ake ce masa, yana da shagon tsofaffin littattafai a bayan tashar bas. Ba shi da yawan magana. Duk littafin da ya ɗauka sai ya hure ƙurarsa, ya juya ya duba bayansa, sannan ya kwantar da shi a kwali a hankali. Kusan duka na tarihi ne: tarihin garuruwa da kasuwanni, na layin dogo, na makarantun farko, da rayuwar mutanen da suka yi suna a ƙasar. Tarihi Malam ya koyar a sakandare har ya yi ritaya, kuma duk abin da ya rage a aljihunsa a nan yake ƙarewa.

Kafin ya ɗaure kwalin ƙarshe, Dogo ya tambaye ta ko akwai wanda take so a bar mata.

"Kwashe su duka, ɗana," ta ce. "Sun ci rabonsu na gidan nan."

Ba wai zaman faɗa suka yi da Malam ba. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa barin gida babu abinci ba. Ita kuwa ungozoma ce a babban asibiti, shi ya sa unguwa duka ke kiranta Sista, kuma mai surutu ce tun tana yarinya. Takan dawo daga aiki cikinta fal da labari, ta kai masa shayi ɗakin karatunsa, ta zauna a kujerar bakin ƙofa ta fara zuba: wadda ta haihu, wadda ta sha wuya, abin da likita ya ce, abin da ya yi. Malam kuwa kansa na cikin littafi. Sai dai can ya ce "to", ko "ikon Allah", ba tare da ya ɗago ba. Da shekaru suka tura sai ta daina zama. Ta ajiye shayin, ta ja masa ƙofa. Haka suka tsufa, kowa a ɓangarensa, har ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi.

'Ya'yanta ne suka yanke shawarar kada a bar ta ita kaɗai a gidan. Babban ɗanta yana ƙasar waje, don haka wurin 'yarta Auta ta koma, a hawa na sama na wani dogon bene. An ba ta ɗaki mai tsabta da gado mai laushi, da kekunan jikoki jingine a lungu don babu inda za a sa su. Da safe gidan yakan kacame da neman takalmi da jakar makaranta, sai a ji ƙofa ta rufe, shi ke nan. Ba abin da ke saura sai ƙugin firij. Tagarta wurin ajiye motoci take kallo. A tsohuwar unguwarsu ba ta tafiyar kirki sai an tsayar da ita, domin rabin matasan layin a hannunta suka faɗo duniya. A nan kuwa maƙwabciyar da ƙofofinsu ke kallon juna kai kawai take gyaɗa mata a matakala.

Ta gwada shiga kicin, Auta ta ce ta huta, ai ta yi nata. Ta gwada ba jikoki labari, suka saurara da ido ɗaya, ɗayan na kan waya. Surukinta mutumin kirki ne, yakan durƙusa ya gaishe ta safe da yamma, amma daga "an tashi lafiya" sai "Allah ya ƙara lafiya", hira ta ƙare. Babban ɗan yakan kira a ƙarshen mako ya tambayi ko tana shan maganinta, ta ce tana sha, sai ya ce bari ya bar ta ta huta. Kowa hutu yake nema mata.

Fitarta ɗaya ce, zuwa awon hawan jini. A can ma layi take bi kamar kowa, wata ƙaramar nas ta ɗaura mata abin awo tana hira da abokiyar aikinta ta saman kanta. Sau da yawa Sista takan buɗe baki ta ce ita ma ta sa farar rigar nan, sai ta ga an riga an kira na bayanta.

Wata rana tana dawowa daga awon, ta sauka a tasha don ta canja bas, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ta lallaɓa ƙarƙashin wata rumfar kwano ta raɓe. Sai ta ji an ce, "Mama, shigo daga ciki." Dogo ne.

Shagon dogon lungu ne mara taga, da ƙwan lantarki ɗaya a tsakiya. Gaba-gaba littattafan makaranta ne da tsofaffin mujallu, su ke kawo ciniki. Ya wuce da ita can ƙurya, ya kaɗe mata wata kujera. Tun kafin idonta ya saba da duhun, hancinta ya gaya mata inda take. Ƙamshin tsohuwar takarda ne, da na kafur ɗin da Malam ke cusawa a bayan littattafai saboda ƙwari. Dogo bai gauraya littattafan Malam da sauran ba. Ya ware musu bango guda, ya jera su yadda ya same su, garuruwa a sama, mutane a ƙasa. A kusurwa bokiti na tarar yoyon rufi, ɗis, ɗis.

Ruwa ya ɗauke, ba ta tashi ba. Sai da ya fara shigo da kayan waje ta miƙe ta yi masa sai anjima.

Bayan kwana biyu ta dawo. Ta ce wa Auta likita ya ce ta riƙa tattaki, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sannu a hankali kujerar ta zama tata. Takan zo da hantsi, ta karɓi tsumma ta goge kantoci, Dogo ya zuba mata shayi a murfin filas, shi ya sha a wani kofi mai tsaga. Shi ma shi kaɗai yake kwana, a ɗakin bayan shagon. Wurin kawunsa ya gaji sana'ar. Matarsa ta rasu da daɗewa, ɗansa guda kuma ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana atishawa ba, ya tafi sayar da wayoyi. Wannan ma a gutsure-gutsure ta ji shi, cikin makonni. Sukan daɗe ba wanda ya ce uffan, amma shirun shagon bai yi mata nauyi irin na bene ba.

A bakinsa ta ji cewa da yawa daga cikin littattafan a nan Malam ya saye su, tun zamanin kawun, gida kawai suka dawo. Ya ce Malam yakan zo ranar da ba makaranta, ya tsaya a daidai inda take zaune, ya yi ta ba su labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife su, har kawun ya ce masa, malam, a bar mu mu yi ciniki.

"Malam?" ta ce. "Malam nawa? Shi ne mai surutu?"

Dogo ya ce wallahi in ya fara sai an rufe shago. Ta yi dariya, amma a bas ɗin komawa gida maganar ta tsaya mata a rai.

Masu neman tarihi ba su da yawa. Wani dattijo ya zo neman littafin da aka ce masa akwai sunan kakansa a ciki, ya yini yana bin shafi da yatsa, ya tafi bai samu ba. Wata ɗaliba ta kai hannu duk maiƙo za ta ɗauki tarihin layin dogo, Sista ta aike ta famfo ta wanko tukuna, yarinyar ta tafi sumui-sumui tana zaton mai shagon ce. In aka sayi ɗaya daga cikin na Malam, Dogo yakan matso da na gefe ya rufe gurbin. Ita kuwa takan gane. Ba ta san abin da ke cikinsu ba, amma ta san bayansu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mutum ke sanin ƙeyar waɗanda ke zama a gabansa a bas kullum.

Ran nan Dogo ya zaro wani siririn littafi mai koren bango ya miƙa mata. Ya ce wannan Malam ne da kansa ya rubuta, ko ta sani.

Ta sani mana. Ta tuna kwalayensa a ƙarƙashin gado, da yadda Malam ya riƙa ɗaurawa a bayan keke yana rarraba wa makarantu kyauta da ya ga ba ya sayuwa. Buɗewa ce dai ba ta taɓa yi ba. Ta sa tabarau don kada ta ba Dogo kunya. Rayuwar mutane ce, kowa da babinsa: wani alƙali, wata 'yar kasuwa da ta gina makarantar mata, wani direban jirgin ƙasa. Can wajen ƙarshe ta ga sunan Tsohon Likita. Shi ne likita na farko ɗan ƙasa a asibitinsu, shi ya buɗe ɗakin haihuwa, kuma a ƙarƙashinsa ta koyi aiki tana budurwa. Ta gyara zama.

Shafin farko shekaru ne da sunayen makarantu, irin rubutun Malam, a tsare, ba gishiri. Daga shafi na biyu abin ya canja. Ga Tsohon Likita yana bin layin ma'aikata da safe yana duba farcensu. Ga shi yana yi wa jarirai waƙa da muryarsa mai kama da kukan tsohuwar ƙofa. Ga shi, mutumin da ba ya tsoron jini, ya haye tebur saboda kyankyaso. Ga ranar da kogi ya cinye gada aka kasa kai wata mata gari, ya ciro ƙyauren ɗaki ya ɗora a kan gangunan mai ya yi mata aiki a kai. Ga kuma yadda, in mace ta mutu a hannunsa, yakan zagaya famfon baya ya yi ta wanke hannun da ya riga ya wanke, ba mai iya yi masa magana. Wannan na ƙarshe ba wanda ya sani sai mai aiki a ɗakin magani, wanda tagarsa ke kallon famfon. Ita ce ke wurin a lokacin, kuma mutum ɗaya ta taɓa gaya wa.

Sai ta zo kan wani layi: "Hannunsa a allura kamar na ɓarawo ne, ba ka jin shigarsa, ba ka jin fitarsa." Ta fashe da dariya har Dogo ya leƙo daga gaba. Maganarta ce, kalma da kalma. Ta ma tuna ranar da ta faɗe ta, tana cire takalmi a bakin ƙofa, Malam ya ce "to".

Ashe yana ji. Duk shekarun nan yana ji. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta karanta babin har ƙarshe. A ƙasan shafin ƙarshe akwai ɗan bayani da ƙananan haruffa, cewa yawancin abin da ke wannan babi marubucin ya samo shi ne daga bakin wata ma'aikaciyar asibiti da ta yi aiki da marigayin.

Ta koma baya ta duba ƙarshen sauran babi-babin. A kowanne Malam ya yi godiya da suna. Ga ɗan alƙali, da sunansa da muƙaminsa. Ga jikar 'yar kasuwa. Har wani mai gadin tasha da ya ba shi labarin direban, an sa sunansa da na ƙauyensu. Ita kaɗai ce "wata". Dariyar ta koma ciki. Ta rufe littafin ta ajiye a kan kantar littattafan, ba ta mayar da shi gurbinsa ba.

A makon ne wani mutum mai ƙamshin turare ya shigo shagon. Shi ke ƙawata wani sabon otal, yana neman tsofaffin littattafan da zai cika kantocin falo da su, don baƙi su ji wurin yana da asali. Bai buɗe ko ɗaya ba. Ya ware hannuwa ya auna bangon Malam, ya ce duka yake so, gobe mota za ta zo.

Da ya fita, Dogo ya daɗe yana kallon bokitin yoyo. Sannan ya ce mata daminar bana ta riga ta ci masa kanta guda, in bai canja kwano ba, ta baɗi za ta ci sauran. Ya yi maganar kamar mai neman izini. Ta ce ai kayansa ne, ba nata ba. Ya ɗauki koren littafin ya ce to wannan zai ware mata.

"Haɗa shi da su," ta ce. "Can ma ba mai buɗe shi."

Ya dubi fuskarta, ya mayar da littafin gurbinsa.

Da yamma Auta na ninke wanki a falo, yara na ɗaki, Sista ta zauna kusa da ita ta fara taya ta. Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma maganar ta fi ƙarfin cikinta. Ta ba ta labarin shagon, da babin, da ɗan bayanin nan. Ta ce shekara da shekaru ta yi tana zuba wa mutum kamar mai magana da bango, ashe tattarawa yake yi, ya sa a littafi, ya gode wa mai gadi da suna, ita kuwa ta zama wata.

Auta ta tsaya da rigar makaranta a hannu tana kallonta.

"Umma, ai ke kika hana."

"Ni? Yaushe?"

"A kicin. Ina wanke-wanke, lokacin ina firamare. Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da takardu a hannu, ya ce ya rubuta wani abu a kan likitanku, yana so ya karanta miki ki ji ko ya yi daidai, kuma yana so ya sa sunanki. Dawowarki ke nan daga aikin kwana, ina jin an rasa wata a hannunku ranar. Ko juyowa ba ki yi ba. Kika ce ya cire ki daga shirgin takardunsa, ke kina da abin yi."

Sista ta ce ba ta tuna ba. Ta laluba kanta. Ta ga kicin ɗin, da tagarsa, da tukunyar nan mai karyayyen hannu, amma ba ta ga Malam a bakin ƙofa ba.

"Ya daɗe a tsaye," in ji Auta, ta ci gaba da ninki. "Har na ji kunya na daina taɓa kwanuka. Bayan kwana biyu ya sake zuwa da takardun, kina barci, ya ce kada a tashe ki. Ni na zata kin sani."

Sista ta tambaye ta ina nata littafin, tunda ya ba kowannensu ɗaya. Auta ta ce tun da suka tashi daga tsohon gidan hayarsu ba ta ƙara ganinsa ba. Da aka kira babban ɗan ya ce zai duba, da irin muryar da ta san ba zai samu ba.

Washegari ta yi sammako shagon don ta karɓo koren littafin, amma motar ta riga ta. Bangon Malam ya zama katako zalla, sai 'yan ƙwallayen kafur a kusurwoyi. Ta tsaya tana kallo. Kwatancen otal ɗin kawai ta nema wurin Dogo.

Da ta ji an buɗe shi, ta sa kayanta masu kyau ta tafi. Ƙofar gilashi ta buɗe mata da kanta. Falon sanyi ƙalau, ƙasa na sheƙi har ta riƙa takawa a hankali. Littattafan na can a bango, daga ƙasa har silin, a bayan gilashi, ƙananan fitilu na haska su. Bisa launi aka jera su, jajaye wuri ɗaya, baƙaƙe wuri ɗaya. Koraye suna can sama, inda ko Dogo sai da tsani. Ta ɗaga kai har wuyanta ya yi tsami. Sirara masu koren bango da yawa ne a jere, ta kasa gane wanne ne nasa.

Budurwar da ke teburin karɓar baƙi ta zo da ladabinta ta tambaya ko Kaka na jiran wani ne. Sista ta ce littafi ɗaya take so a ciro mata ta duba ta mayar, mijinta ne ya rubuta. Budurwar ta yi murmushi ta ce ai na ado ne, ba a buɗewa, makulli na wurin manaja, manaja kuma ya yi tafiya. Ta ba ta kujera, ta kawo mata ruwa mai sanyi. Sista ta zauna ta sha ruwan a gaban littattafan. Baƙi na ta wucewa da akwatuna, ba wanda ya dubi bangon. Da ta ga mai gadi ya fara zagaye kusa da ita, ta ajiye kofin ta tashi.

Ta daina zuwa shagon. Ta ce wa Auta gwiwa ke damunta. Ta koma zaman taga, tana kallon motoci suna fita da safe suna dawowa da yamma. Ba ɗan bayanin nan ne ke cin ranta yanzu ba. Ƙoƙari take ta ga mutumin nan a bakin ƙofar kicin da takardu a hannu, ta san wace riga ce a jikinsa, da wace kalma ya fara. Abin ya ƙi zuwa. Tana iya tuna fuskokin matan da ta karɓi haihuwarsu tun kafin a haifi Auta, amma wannan babu shi ko alama.

Damina na ƙarewa Auta ta shigo daga aiki da saƙo. Ta ce wani dogon mutum ya tare ta a ƙasan bene, ya ce ya sha tambaya kafin ya gano gidan, a gaya wa Mama ta leƙo shago in ƙafa ta yi sauƙi. Ta yi ta yi da shi ya hau su gaisa, ya ƙi.

Sista ta je. Rufin sabo ne, bokitin babu. Bangon ƙurya ya cika da littattafan jarrabawa, amma kujerarta na nan. Dogo ya buɗe aljihun tebur ya ciro wani abu naɗe a jarida. Ya ce ya bi masu shimfiɗa littattafai a bakin titi ɗaya bayan ɗaya, ya aika wa abokan sana'a a wasu garuruwa, a ƙarshe wurin wani mai sayar da takardun ƙunshi ya samo wani kwafi na littafin Malam. Ya ba ta haƙuri da yanayinsa.

Bangon littafin babu. Shafukan farko sun tafi, akwai hatimin wata makaranta a gefe, wani ɗalibi kuma ya zana mota a kan hoton alƙali. Ta juya can baya. Babin Tsohon Likita na nan cif. Ta riƙe littafin a cinya ta daɗe, sannan ta miƙa masa.

"Karanta mini."

Ya zaci tabarau ta manta, ya ce bari ya ara mata nasa. Ta ce nata na cikin jaka, so take a karanta mata. Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce shi rabonsa da karatu a fili tun yana makaranta, muryarsa ba daɗi, ga tuntuɓe a dogayen kalmomi.

"Ba sauri nake ba," ta ce.

Ya janyo kwali ya zauna, ya buɗe babin likita. Ta ce a'a, wannan ta san shi, ya fara daga inda littafin ya fara.

A tsakiyar jimla ya fara, a kan alƙalin. Ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa: yadda alƙalin ya taso maraya a hannun gwaggonsa, yadda ya yi tafiyar kwanaki a ƙafa don a ɗauke shi makaranta, aka ce ya yi girma, ya kwana a bakin ƙofar har aka ɗauke shi. Sista ta ajiye jakarta a ƙasa, ta haɗa hannuwa a cinya. Ta kasa kunne.

Bai kai ƙarshen shafin ba wata mata ta leƙo daga gaba tana tambayar littafin lissafi. Dogo ya dubi Sista, ta ce ya je. Ya miƙa mata littafin a buɗe ya tafi. Tana jin su can, matar na cewa wannan duk an yi rubutu a ciki, ko akwai mai tsabta.

Sista ba ta dubi shafin ba. Ta sa yatsa a layin da ya tsaya, ta jira.